Gwiwar Baƙon da Na Kai Tsiga

Lokacin da nake malamin gona a Funtuwa, wajen ƙarshen shekarun saba'in, aka haɗa ni aiki da wani baƙar fatar Amurka da ya zo kan harkar auduga. Ƙato ne na gaske, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Kafin ya koma karatun noma, ya yi shekaru yana cin abinci da ƙwallon ƙasarsu, wadda ake runguma a ruga da ita. Ya ce shi a bakin sahu yake tsayawa, wani lokaci ya tare ƙarti da kafaɗa, wani lokaci ya sheƙa ya cafe ƙwallo. A haka gwiwarsa ta hagu ta tashi aiki. Likita ya ce in ta sake buguwa, shi da sanda har abada.

Ni kuwa bakina ba linzami. Duk ƙauyen da muka je sai na ba da labarin ƙarfinsa, in ƙara gishiri, in bar zancen gwiwa.

Bayan kaka muka je Tsiga, muka tarar ana kokawa da la'asar. Ashe labarina ya riga mu isa. Makaɗi na ganinsa ya juyo da ganga, wani ɗan kokawa mai ji da kansa ya zo ya miƙa masa hannu, alamar ya fito su kara. Na ce wa baƙon ya bari in ba da haƙuri. Ko kallona bai yi ba. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya fara kwance agogo. So yake ya shiga, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Sai wani dattijo mai karkatacciyar kafaɗa, wanda ya yi zamaninsa a kokawa, ya taso.

"Kai malamin gona, ba ka da ido ne? Dubi yadda ya tashi. Wannan ai ya gama nasa."

Ya kama hannun baƙon ya kai shi tabarmar tsofaffin 'yan kokawa, inda ba a miƙa wa kowa hannu. Dattijon ya dafa tasa kafaɗar, sannan ya nuna gwiwar baƙon. Baƙon ya naɗe wando. Ga tabo nan kamar ɗinkin buhu. Tsofaffin suka dudduba suna jinjina kai, makaɗi ya sauya kiɗa zuwa taken da ake yi wa waɗanda suka ajiye kokawa. Kunya ta hana ni matsawa kusa.

A mota, da muka kusa Bakori, sai baƙon ya fara magana.

"Ranar da aka ɗauke ni daga fili," in ji shi, "kafin a kai ni ƙofa har an sa wani a wurina. Ba wanda ya kaɗa mini ganga."

Ya tsaya gefen hanya, ya kifa kai a sitiyari. Na fita na tsaya ina kallon karan dawa har ya gama kukansa.