Kanarin da Na Ɗauke da Wuri

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da abin da ya biyo bayan raba wani ɗan kanari da ubansa da na yi ba.

Lokacin ina ɗinki a Fagge. Ina da amini a Sabon Gari, dattijo ɗan kudu mai gyaran agogo, yana da wani tsohon kanari. Ban taɓa jin kuka irin nasa ba. Yakan fara ƙasa-ƙasa, ya ja, ya ja, sannan ya sake shi kamar ana tsiyaya ruwa a kwalba. Saboda shi nake tsallaka mahaɗar titin Bata kullum bayan la'asar.

Da macen da ya haɗa kanarin da ita ta yi ƙyanƙyasa, namiji ɗaya ne ya rayu, aminina ya ce nawa ne. "Amma ka bar shi kusa da uban tukuna, Malam Tela. Karatu yake ɗauka."

Na yi dariya. "Haba Oga, tsuntsu ma sai an sa shi makaranta?"

Gaskiya so nake in burge telolin layinmu. Ɗan tsuntsun yana fara cin gero da kansa na matsa wa aminina, har ya ba ni shi ba da son ransa ba. Na rataye kejin a saman keken ɗinkina.

Bayan 'yan watanni aminina ya zo shagona, idonsa jawur. Tsohon kanarin ya mutu. "Bari in ji ɗan," ya ce, ya zauna a benci ya cire hula.

Na tsayar da keke, muka jira. Tsuntsun ya kumbura wuya ya saki: kirrr, kit-kit, kirrr. Ƙarar kekena ce sak, har da inda zare yake sarƙewa.

Teloli suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. "Ka mai da shi tela," ya ce a hankali, ya mayar da hularsa.

Daga baya 'yarsa, malamar makaranta, ta yi min bayani: "Baba, akwai wani waje a ƙwaƙwalwarsa da yake ajiye abin da ya ji yana ƙarami. Sai ya yi ta gwada muryarsa da shi har su dace. Abin da kuka jiyar da shi ya riƙe."

Aminina bai taɓa yi min gori ba. Ya koma garinsu, can ya rasu. Yanzu nakan gwada kukan tsohon nan da fito; farkonsa kawai nake kamawa, sauran ya kuɓuce min, kuma ba wanda zan tambaya.

Na gane akwai abin da ba a gadonsa a jini, sai an zauna kusa da mai shi an saurara tun yana da rai. Ni na hana zaman.