Abin da Baba Ya Koya wa Sale a Rumfar Tsinga

Shekara goma sha tara ke nan da aka fita da gawar Baba daga gidanmu na unguwar Briqueterie a Yawunde. Kowace shekara nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin rumfar ƙarshe da ya bari tana neman mutuwa a hannuna, kuma na rasa wanda zan tambaya.

Baba, Alhaji Hamadu, mahauci ne. Yana sayen shanu a kasuwar Etoudi, yana da rumfunan tsire uku, wanda mu nan muke kira soya: biyu a unguwarmu, ɗaya a Tsinga. Kowace rumfa da jeran ɗinta, wato mai kula da ita, ga masu yanka da masu gashi a ƙarƙashinsa. Mutanen gari sun ɗauka nama ne aikinsa. Mu na gida mun san rabin wuninsa a kan jeran-jeran nan yake ƙarewa. Ba ya shiga rumfa ya ba da umarni a kan jeran. Sai dai ya zauna gefe ya kalla, daga baya ya kira mutum su biyu.

Ina budurwa aka shiga shekarun da kowa ke kira kiriz, wato matsin tattalin arziki. Aka zaftare albashin ma'aikatan gwamnati, waɗanda su ne masu cin namanmu. Mutumin da da yake sayen soya ya kai wa iyali sai ya tsaya bakin rumfa, ya gaisa, ya shaƙi ƙamshi, ya wuce.

Jeran ɗin Tsinga a lokacin Sale ne, saurayi daga Garwa, Hausarsa da ɗan karin Fillanci. Yana son Baba har ya koma ɗaura irin hularsa, da irin tafiyarsa, da gyaran muryarsa. Da ciniki ya faɗi sai Sale ya zama wani mutum dabam. Tsawa da safe, tsawa da yamma. Wata rana ya hankaɗe Malam Bello, dattijo mai gashi, a gaban masu saye, wai nama ya ƙone. Ma'aikatan suka zo zauren gidanmu suka ce wa Baba ko Sale ko su.

Washegari Baba ya aika a kira shi. Ni na kai musu shayi, ban kuma yi nisa ba.

"Sale, hular nan tawa ce ko taka?"

"Tawa ce, Alhaji."

"To muryar da ka yi wa Bello tsawa da ita fa? Ni ban san ta ba, kai ma ba da ita ka zo ba." Sale ya sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Ni idan tsoro ya kama ni shiru nake yi, har yarana su zaci wani abu nake ƙulla musu. Na sha wuya kafin in gane haka. Kai idan ka tsorata, me kake zama?"

Ban taɓa jin namiji ya yi kuka irin na ranar ba. Ya ce matarsa na da ciki, kuma ya rantse ba zai koma Garwa hannu rabbana ba. Baba bai rarrashe shi ba, bai kuma kore shi ba. Ya ce ya tashi ya je ya faɗa wa mutanensa abin da ya faɗa yanzu, da bakinsa, da Fillanci ma in Hausar ta gaza masa. Sale ya je. Ya durƙusa wa Malam Bello, ya shaida musu rumfar na iya rufewa, shi ma bai san mafita ba. Suka yanke su riƙa aiki kwana-kwana, wasu yau wasu gobe. Har kiriz ta lafa ba a sallami kowa a Tsinga ba.

Yau ga mu a wata kiriz ɗin, ko da ba a sa mata suna. Shanu sun yi tsada, hanyar arewa ta zama abin fargaba, gawayi ma sai a hankali. Ƙannena maza sun watsu, sana'ar ta faɗo kaina. Tsinga ta rufe, ɗaya ta unguwa ta bi ta. Wadda ta rage na ba Nuhu, ɗan ƙanena. Yaro ne mai amana, ba ya zagi, ba ya tsawa. Nasa tsoron murmushi yake zama. Duk abin da ka tambaye shi, "Gwaggo, sa va ale," wato komai zai daidaita. Haka yake faɗa wa ma'aikata, har sai da suka ji daga bakin dillali a Etoudi cewa ba a sayi saniyar mako ba. Biyu daga cikin masu gashin suka ajiye wuƙa suka koma haya da babur. Ba rashin nama ya kore su ba, sun ce sun gaji da mutumin da ba sa sanin gaskiyarsa.

Na zaunar da Nuhu na yi masa tambayar Baba, kalma da kalma. Ya yi dariya ya ce ni dai in bar damuwa. Kalmomin na Baba ne, a bakina ba su da nauyi. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga zamanin nan, da ake kai manajoji otal su wuni suna koyon yadda ake tsayuwa da magana kamar shugaba. Ina jin zai yi tsaki. Amma tsakinsa ba zai sayo mini saniya ba, kuma ga wani mai shagon wayoyi yana ta aike yana son wurin.

Me ya rage na Baba? Ba rumfuna ba, wannan kam na gani da idona. Sale ya tsufa a Garwa, mahauta na kai masa rigimarsu, kuma an ce yakan fara da faɗin inda shi yake da rauni. Wasu da suka yi aiki a ƙarƙashinsa suna riƙe da wurare a Yawunde, mutanensu ba sa gudu. Gadon yana nan a jikin mutane, ni ce na kasa kai hannu gare shi.

Yau da hantsi, ina cikin wannan rubutu, Nuhu ya yi sallama. Ya tsaya bakin ƙofa, fuskarsa babu murmushi.

"Gwaggo, ban iya ba. Tun bara ban iya ba."

Ban sani ba ko maganar ta zo a makare. Ba ni da dabarar gobe. Na matsa masa a kan tabarma, ya zauna.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa. Mu da ya bari, Allah ya duba mu.