An Ce Hannuna Ne Ya Ƙona Fuskar Amarya

Matar ƙanena ta kira ni mai mugun hannu a tsakar gida cike da mata, kuma har yau ba ta tako ta ba ni haƙuri ba. Ni ma ban yafe ba. Malamai sun yi mini wa'azi, na ji, na gode, amma ba zan rubuto wa wannan mujalla ƙarya ba. Da hannuna nake rubutun nan, ba wani na sa ba, ko da yake sai da na haura arba'in kafin na zauna a aji na koyi riƙe alƙalami. In kun ga maganata ba ta da kwalliya, haka nake yin ta a baki ma.

Lokacin da abin ya faru mijina ya rasu, ina zaune a gidanmu na gado a Djougou. Mu zuriyar fataken goro ne. Mazan gidanmu sun gaji ciniki, ni kuwa ƙasa na gada. Kakata ta wajen uba ita ke gyaran amare a unguwarmu, ita ta nuna mini ramin farar ƙasa a bakin wani kwazazzabo wajen Pelebina, can gaba da inda Fulani ke shayar da shanu. Ba ɗebowa ake yi a shafa ba. Sai an jiƙa ta a randa, a dama, a tace da ƙyalle, a bari ta kwanta, a tsiyaye ruwan, a sake, har sai in kin sa a haƙori ba ki ji yashi ba. Sannan a shanya, a daka, a tankaɗe. Ba na kwaɓa ta a kwanon ƙarfe, sai a ƙwarya. Mai maiƙon fuska in sa mata ruwan tsamiya, mai busasshiyar fata in sa kindirmo da zuma, na gashi kuma in haɗa da ruwan karkashi, a wanke a bi da man kaɗe. Har masu salon, wato shagunan gyaran gashi na Parakou, suna aiko direbobin tasha su karɓa musu. Kakata ta bar mini doka guda: kafin ki shafa wa mace a fuska, ki ɗiga mata kaɗan a bayan kunne, ki duba washegari. Ban taɓa karya dokar nan ba sai a kan yarinyar da na fi so.

Ƙanena yana Parakou, a unguwar Banikanni, yana sayar da kayan gyaran moto, wato babur. Babbar ɗiyarsa a hannuna aka yaye ta, baƙa ce kamar ni, baƙi mai sheƙi irin na gidanmu. A al'adarmu gwaggon amarya ce ke fara shafa mata ƙasar gyara a goshi a gaban mata, ita ke yi mata wankan amarya, ita ke riƙe hannunta har ɗakin miji. Ba alfarma ake yi wa gwaggo ba, haƙƙinta ne. Na yi niyyar isowa da wuri in yi gwajina a nutse, sai motar da na shiga ta lalace a hanya muka kwana a wani ƙauye. Na iso da hantsi na tarar an riga an shimfiɗa tabarmi, mata sun cika gida, ana ta guɗa, ni kaɗai ake jira.

Da aka fito mini da yarinyar sai da na sake kallo. Na daɗe ban gan ta ba. Fuska ta yi fari kamar an fere doya, amma gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, ga wasu siraran jijiyoyi kore-kore sun fito a kumatu. Ni da na tsufa ina taɓa fatar mata, na san abin da na gani. Na ja uwar gefe na tambaye ta ko yarinyar nan tana shafa man sauya fata. Ta yi dariya ta ce haba Yaya, zaman ɗaki ne da hutu, wai mu mutanen Djougou ba mu san yadda fata ke washewa ba in mutum ya daina yawo a rana. Ta ce in yi sauri don Allah, dangin ango suna hanya, kar in kunyata su da bincikena na ƙauye. To a nan nawa kason laifin yake, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na ji nauyin taro, na haɗiye abin da idona ya gani, na bar gwajin bayan kunne, na kwaɓa da ruwan tsamiya yadda na saba yi mata tun tana 'yar budurwa mai ƙuraje.

Ba a jima ba ta fara mutsu-mutsu, ta ce Gwaggo, zafi. Mata suka sa dariya. Wata ta ce shagwaɓar amare ce, wata ta ce in wannan ya sa ta kuka to ina ga ranar haihuwa. Ni ma na ce ta daure. Sai da na ga hawaye yana yanka hanya a cikin ƙasar, na fizgi buta na wanke. Kumatunta sun yi ja jawur, sun tashi ƙananan bororo, wajen kunne ma fatar ta saɓule ta biyo ƙyallen.

Nan uwar ta buɗe baki. Ta ce dama ta sani. Ta ce na ɗebo ƙasar kushewa na haɗa da fitsarin shanu, don tawa ɗiyar tana zaune ba mashinshini, ba na so tata ta shiga ɗaki da kyanta. Ta ce jahila ce ni, da furfurata nake bin yara lakwal, makarantar boko, ban gane karatun ba ban bar mugunta ba. Ta ɗauke ƙwaryar da ragowar kwaɓin, ta rufe da faifai ta ɗora a kan katangar madafi, ta ce kar wanda ya zubar, gobe za a kai wa malami ya duba abin da na binne a ciki. Ƙanena, wanda na goya a bayana, ya shigo ya kalli fuskar ɗiyarsa, ya kalle ni, bai tambaye ni komai ba. Abin da ya ce kawai shi ne Yaya ta huta, ƙanwar uwar za ta yi wankan amarya. Wannan ya fi zagin matarsa yi mini ciwo.

Ba a ce in zo asibiti ba, na hau zem, babur ɗin haya, na bi su. Ma'aikaciyar jinyar ta fitar da mu duka ta yi magana da yarinyar ita kaɗai. Da ta fito ta tambayi wace ce ta kwaɓa, na ce ni ce. Ba ta zage ni ba. Ta ce tsami ba ya shiri da fatar da ta sirance, kuma duk mai gyaran jiki da ta ji an ce zafi, ta wanke nan take, kar ta ce a daure. Na karɓi maganar nan, har yau da ita nake aiki. Abin da ya sirantar da fatar dai ba ta faɗa ba, uwar kuma ba ta tambaya ba.

Na kwashe kayana na sauka gidan wata ƙawata a Titirou. Labari har ya riga ni isa, mai salon ɗin da ta fi kowa karɓar ƙasata ta aiko a ce mini ta dakata tukuna. Bayan la'asar sai ga yarinyar ta shigo a lulluɓe, ta sato jiki. Ta durƙusa ta kwance bakin zane ta zubo wasu 'yan kwalabe. Ta ce uwarta ke sayo mata wajen wata mai haɗawa a kasuwa, tun ranar da aka kawo goron tambaya, wai dangin ango farare ne, kar a raina ta. Uban kuwa namiji ne mai fita da asuba ya dawo bayan isha, an ce masa hutu ne, ya yarda. Ta riƙe ƙafata ta ce Gwaggo ki rufa mana asiri. Na san dalili. Ƙanena ya taɓa rantsuwa a gabanmu duka, duk ranar da ya ga irin man nan a gidansa, wadda ta shigo da shi ta tattara kayanta. In ya rantse kuwa ba ya waiwaye.

Kun ga dai abin da zai wanke ni yana tafin hannuna. In na zube kwalaben nan a gaban ƙanena, sunana ya dawo kafin magariba, yarinyar kuma ta shiga ɗakin miji da ƙonanniyar fuska da sakakkiyar uwa, ga ƙannenta ƙanana a gida. Ba don uwar na yi shiru ba, kar ta karanta wannan ta ɗauka tausayinta na ji. Don ɗiyar da na yaye na yi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na karɓe kwalaben na jefa su a salga, na ce ta koma kafin a neme ta, ta riƙa sa maganin asibiti kawai, kar ta taɓa nawa, kar ta taɓa na uwarta. Amma rufa wa yarinya asiri daban, yarda a ce hannuna mugu ne daban. Wannan ban ɗauka ba, don da hannun nan nake ci, da shi kakata ta ci.

Shekaru sun wuce yanzu. Ƙanena ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai san gaskiyar ba. Yarinyar ta warke, launinta ya dawo, sai ɗan tabo wajen kunne da ɗankwali ke rufewa, kuma ita ta ce in rubuta, ban da suna. Ga 'yan'uwana masu gyaran jiki, kar guɗar mata ta sa ki gaggawa, kar kunyar suruki ta rufe miki ido. In kin ga yatsu sun saɓa da fuska, ajiye ƙwaryarki, ko da ango ne a ƙofa. Ki yi gwajinki, in an ce zafi ki wanke. Ga amare, duk abin da kike shafawa ki faɗa wa mai gyara, ba mijinki ba ce, ba za ta sake ki ba. Ga iyaye mata kuma, farar ƙasa maiƙo da datti take tsotsewa, ba ta mayar da baƙa fara, ba ta kuma ɗinke fatar da mai ya cinye. Wanda ya ga ɗiyarki baƙa ya kawo goro, baƙar yake so. Wankan amarya dai ni na yi shi, ni na riƙe hannunta har ɗakin miji, ba kuma da roƙo na karɓo haƙƙina ba.

Washegarin ranar da yarinyar ta kawo mini kwalaben nan, da safe na ɗaura zanen da na ɗinka don bikin, na hau zem zuwa Banikanni. Na tarar mata sun kewaye tukwane, dangin ango ma sun zo duba jiki. Na yi sallama, wasu suka amsa ciki-ciki. Ban tsaya gaisuwa ba, na nufi katangar madafi na sauko da ƙwaryar da ake jira a kai wa malami. Na zauna a kan turmi a tsakiyar gida, na cire ɗankwali, na yayyafa wa kwaɓin ruwa na dama da yatsa. Na shafe fuskata kaf, na shafe wuya, na cusa a gashi, abin da ya rage a yatsa na lashe. Na ce ga ƙasar kushewa nan a fuskar mai ita, duk mai son ganin mugun abu ta jawo kujera, ba inda za ni sai ƙanena ya zo ya duba da idonsa. Sannan na juya wajen matarsa, wadda ta tsaya da ludayi a hannu ta kasa haɗa ido da ni, na ce ta zubo mini koko ta haɗo da ƙosai, gwaggon amarya ba ta zama da yunwa a gidan ƙanenta.