Damtsena da Katin Ƙarƙashin Tebur

Bari in faɗi wautata da bakina tun kafin maƙwabta su ƙara mata gishiri. Ni ne Baba Audu, dillalin awaki a kasuwar Potiskum. Bokona aji biyu ne, shi ma rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi. Da aka kawo allurar korona, babu wanda ya kai ni zaginta a majalisarmu ta Hausari. Na ce duk wanda ya miƙa hannu ya fara neman likkafani. Sai ga shi an buɗe iyakar Nijar, an ce mai allura ne zai wuce, ni kuwa Yaya Hajjo, wadda ta goye ni bayan rasuwar innarmu, tana kwance a Damagaram. Kullum ’yarta Mariyama ta kira sai ta ce, “Kawu, tana ta cigiyarka.”

Kunyar majalisa ta sa na daɗe ina jan ƙafa. Daga baya na sulale Fika da sunan ganin awaki, inda ba a san bakina ba, aka tsira mini sau biyu, aka ba ni wani ɗan kati. Ni dai a sanina, tun muna yara in an yi maka lamba damtse ake dubawa. Katin kuwa tsoro nake wani ya gani, sai na ninke shi na tokare ƙafar teburin rediyona.

Potiskum zuwa bakin iyaka

Ana sallame asuba na fito. Uwargida Talatu ta ɗaure wa Yaya zuma da turaren wuta, ta ce, “Malam, ba ka manta komai ba?” Na bugi damtse na ce komai yana jikina.

Tun a tasha raina ya fara ɓaci. Lokacin kullen korona an ninka kuɗin mota, wai an rage fasinja saboda tazara. Yanzu mu huɗu a baya, biyu a gaba, kuɗi yana inda yake.

Na ce, “Direba, ga gwiwar bawan Allah a haƙarƙarina. Ina tazarar da na biya?”

Ya ce, “Baba, korona ce ta tafi, kuɗinta bai tafi ba.”

In mun doso shinge sai ya zaro takunkumi daga aljihun mota ya rarraba mana, in mun wuce ya karɓe abinsa. Wanda ya faɗo mini warin daddawa yake. Allah kaɗai ya san hanci nawa ya ziyarta kafin nawa. Mun karya da koko da ƙosai a Azare, muka yi azahar a Haɗeja, na canja mota a Gumel, muka isa iyaka da la’asar.

A bakin iyaka

Wata ma’aikaciyar lafiya ce zaune a rumfa, sa’ar autata. Ta ce, “Baba, shaidar allura.” Na ajiye ƙunshina, na naɗe hannun riga har kafaɗa, na juya mata tabon nan mai faɗin kwabo. ’Yan layi suka fashe da dariya.

Ta ce, “Baba, wannan lambar agana ce. Ai ta girme ni.”

“An yi mini sabuwa a gefenta, har sau biyu.”

“Ita ba ta barin tabo. Kati ake nunawa.”

“To wace irin allura ce ba ta barin shaida? Ko akuya aka yi wa rigakafi ana tsaga mata kunne.”

“Kai dai ba akuya ba ne, Baba. Matsa gefe.”

Ina tsaye sai ga wata doguwar mota baƙa. Aka ɗan sauke gilashi, hannu ya miƙo katuna, aka ɗaga sanda. Ko fuskokinsu ba a leƙa ba. Ni da na kwana biyu ina rawar ɗari saboda allurar nan, ga naman jikina a fili, an ce ƙarya ne, takarda ce mai gaskiya. Na faɗa musu haka da ƙarfi, na ƙara da abin da ba zan rubuta ba. Na ce yayata tana gargara. Yarinyar ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta kira na bayana.

Wani ɗan kamasho ya ja ni bayan rumfa ya nuna mini kati na sayarwa. Na ce ya karanta sunan da ke jiki. Ya ce Rahila. Na ce, “Da gemun nawa?” Ban da haka ma, a tsira mini ta gaskiya sannan in sayi ta ƙarya? Na kore shi.

Dole na kira Talatu na ce ta ɗaga teburin rediyo. Da ta zaro katin ta ce, “Ashe awakin da ake zuwa gani Fika ke nan.” Wayarmu ba ta ɗaukar hoto, sai dai a ba direba saƙo. Wa ta samu ya kai mata tasha? Malam Isa, wanda ke kama mini baki in ina zagin allura. Kafin magariba duk Hausari sun ji.

Jira

Wani fatoma mai saukar fatake, abokin cinikina na da, ya ba ni tabarma a zaurensa da tuwon dawa miyar kuka, Allah ya saka masa. Katin kuwa ya fi ni yawo. Direban Haɗeja ya manta shi a aljihu ya tafi ɗaurin aure, sai da na kwana biyu ina safa da marwa tsakanin zaure da tasha. Shanu ina kallo suna ƙetarawa ta daji, babu mai tambayarsu komai. A rana ta biyu Mariyama ta kira ta ce Yaya ta daina karɓar kunu. Na koma rumfar na roƙa, ni da ban iya roƙo ba. Aka ce doka ce.

Damagaram

Da hantsin rana ta uku kati ya iso, da shatin ƙafar tebur a tsakiyarsa. Yarinyar ta kalle shi kallo ɗaya ta ce in wuce. Kallo ɗayan nan shi ya ci mini kwana biyu. Muka bi ta Magariya, na shiga gidan Yaya ana kiran magariba.

Na same ta da rai, amma baki ya rufe tun jiya, ido kuwa ya daɗe da tafiya. Na yi sallama, ba ta motsa ba. Na zauna na kama hannunta. Sai ta fara lalubawa, ta bi ta cikin hannun rigata har yatsanta ya sauka kan tabon. Ita ce ta danne ni a cinyarta ranar da aka yi mini shi, ina ihu ina cizonta. Ta riƙe wurin ba ta saki ba. Abin da ya kasa wucewa da ni a iyaka, shi ta gane ni da shi. Kwana biyu bayan haka Allah ya karɓi abarsa.

Komawa

Bayan addu’ar bakwai na juyo ta hanyar da na bi. A iyaka ko katin ba a tambaye ni ba. Na sauka Potiskum lafiya, na gode wa Allah, na gode wa fatoma, har Malam Isa na gode masa, duk da yanzu Rahila ake kirana a majalisa, don bakina bai iya riƙe labari ba. Duk wanda ya tsokane ni ina da amsarsa.

Mutum ɗaya ce ban amsa wa ba. Ranar sadakar uku ina ta zazzaga wa masu gaisuwa yadda ’yan iyaka suka hana ni jin muryar yayata, ina cewa ban yafe kwana biyun nan ba. Mariyama tana kwashe kwanuka, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Kawu, ai tun kafin damina aka buɗe hanya. Lokacin tana magana.”