Badaru da Famfon Zaman Lafiya

Shekara bakwai Malam Badaru yana kawo mini ruwa kafin in zage shi a gaban jama'a. Ni ce Hajo mai tuwo, rumfata tana bakin Layin Mahauta a Agege, kuma duk wanda ya san ni ya san magana ba ta kwana a cikina. Wannan ce kaɗai ta kwana, har ta kusa sa mini ciwo. Zan faɗa, amma kada a kai wa kwamiti.

Badaru dogo ne siriri, gashin gemunsa ana iya ƙirga shi. A ƙauyensu, can arewa kusa da iyakar Nijar, haƙa rijiya ya gada wajen ubansa. Yana da wata ɗabi'a da ta sa aka ɗauke shi mai ɗan taɓin hankali a nan Legas: in ya iso wuri sai ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa ya sa a harshe, ya riƙa taunawa. Daga nan ya gaya maka ko akwai ruwa a ƙasa, gaba nawa ne, mai daɗi ne ko mai zartsi.

Na taɓa tambayarsa abin da ya raba shi da gida. Ya ce yashi ne ya fara cin gonaki, rijiyoyi suka riƙa ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, har aka rage da guda, wadda shi ya haƙa da hannunsa, gaba ashirin da biyu. Manoma suka ce tasu ce, makiyaya suka ce dabba ma rai gare ta. Aka yi faɗa a bakinta, mutum biyu suka mutu. Hukuma ta zo ta sa wa rijiyar murfin ƙarfe da kwado don a samu zaman lafiya.

"Aka samu?" na ce.

"Sosai ma," in ji shi. "Kowa ya tashi."

Haka ya biyo motar shanu ya iso garin da ruwa ke shiga wa mutane ɗaki, ya tarar kuma na sha sai an saya. Ya samu kurar tura ruwa da jarkoki goma. Akwai rijiyoyi kusa da mu, amma duk ya ɗanɗana ya tofar. Sai can bayan titin jirgi, gidan wata Alhaja mai burtsatse, yake tura kurarsa ya ɗebo. Shi ya sa matan layinmu ke cewa ruwan Badaru ko jariri ka ba kai tsaye.

Ƙarshen shekarar 1999, soja sun koma bariki, farar hula sun karɓa, sai aka fara gwada 'yanci a kan juna. Rikicin da ya tashi tsakanin Hausawa da Yarabawa a Ketu da Mile 12 ya fantsamo har layinmu. Aka ƙone mana rumfuna tara, su kuma Yarabawa aka ƙone musu injin niƙan Iya Risi, matar da ta shekara goma tana niƙa mini tattasai. Lambatu ɗaya ne ya raba layinmu da nasu, da katako a kai. Wata biyar ni da ita muna hango juna, babu mai taka katakon.

Sai ga masu agaji a farar mota. Da farko barguna suka raba mana, masu kauri, a zafin Legas. Nawa har yau a kai nake shanya kuɓewa. Bayan nan suka turo wani saurayi mai suna Munir, haifaffen nan, Hausarsa rabi Turanci, kullum da fayil a hammata. Ya tara mu ya ce ƙungiyarsu ta yi bincike ta gano abin da ke damunmu rashin haɗuwa ne. Don haka za a haƙa mana rijiyar burtsatse guda ɗaya, Bahaushe da Bayarabe su riƙa haɗuwa a bakinta suna gaisawa. Aka kafa kwamitin zaman lafiya, mutum shida namu, shida nasu.

Don kada a yi son kai, Munir ya ja tef daga ƙofar Mai Unguwa Audi, shugabanmu, zuwa ƙofar Baale, shugabansu, ya raba biyu. Tsakiyar ta faɗo daidai gefen lambatu, bayan mayanka, inda jini da kashin tumbi ke gangarowa, kusa da tsofaffin masai na gidajen haya.

Badaru yana wucewa da kura, ya tsaya. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa, ya sa a baki. Ko taunawa bai yi ba ya tofar.

"Ɗan nan," ya ce da Munir, "kada ku haƙa nan."

"Saboda me, Baba?"

"Ƙasar ta sha jini da bayan gida shekara da shekaru. Da rani za ta ɓoye muku. Damina na sauka za ta mayar muku da abinku."

"To a ina za mu haƙa?"

Ya nuna kan tudu, taku ɗari biyu cikin layin Yarabawa, gindin mangwaron Baale.

Kai! Mai Unguwa Audi ya miƙe har hularsa na faɗuwa. "Wato mu riƙa zuwa ƙofar Baale roƙon ruwa? Badaru, nawa suka ba ka?" Su kuma Yarabawa suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, suka ce haka kawai Bahaushe ba zai miƙo musu rijiya ba, akwai wani abu a ƙasa. Baale ya ce a haƙa inda tef ya faɗa. Karo na farko ke nan da shugabannin biyu suka yi baki ɗaya.

Sau uku Badaru yana komawa wajen Munir. A na uku, a gaban jama'a, Munir ya ce an kai ƙasar wurin awo, sakamakon yana hedikwata.

"Ina hedikwatar?"

"Turai." Sannan ya yi murmushi ya ce, "Baba, no wahala, amma ba kai ne mai sayar da ruwa ba?"

Kowa ya yi dariya. Ni muryata ta fi ta kowa fita, Allah na tuba.

Aka buɗe famfo cikin damina. An kafa rumfunan haya, an jera kujerun roba, ga allo mai hoton hannu biyu suna musabaha. Wata Baturiya ta zo da mai ɗaukar hoto. Tsarin shi ne mutum ɗaya daga kowane ɓangare ya sha ruwan farko a kofi guda. Mai Unguwa Audi ya zaɓi Badaru da gangan, don ya san in Badaru ya sha, babu matar da za ta sake tambaya. Ina kusa, na ji abin da ya raɗa masa.

"In ka ƙi, za a ce Hausawa sun ƙi sulhu. Dubi bayanka."

A bayan kujeru samarinmu ne tsaye a gefe ɗaya, nasu a ɗaya gefen, babu mai dariya a cikinsu.

Baale ya kai kofin bakinsa, ya jiƙa leɓe, ya yi wa mai hoto murmushi, ya miƙo. Badaru ya karɓa ya shinshina. Ya dubi samarin nan ya daɗe. Sai ya yi bisimilla ya shanye tas.

Baturiya ta sa Munir ya tambaye shi yaya ya ji ruwan.

"Ruwa ne," in ji Badaru.

Aka tafa. Nan take aka naɗa shi mai kula da famfo, aka ba shi makulli da sifana da hula mai tambarin ƙungiya. Kwana uku ba a ga kurarsa ba, muka ce fushi yake yi.

Kwana goma sha ɗaya famfon nan ya yi aiki. Ruwa kyauta, wa zai ƙi? Muka yi ta jida, har da wankin da bai yi datti ba. Cikin kwanakin 'yata Najiba, tana shekara huɗu, ta kama gudawa. Jikan Iya Risi ma haka, da yara da dama a layukan biyu. Aka ce mangwaro ne. Idanun Najiba suka faɗa, ta daina ko kuka, ina ɗura mata ruwan gishiri da sukari da cokali, kuma da ruwan famfon nake haɗawa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da aka ƙone rumfuna.

Ran na goma sha biyu famfo ya mutu. Ka ɗaga hannun famfon ka sauke, sai ƙara kawai. Makaniki ya buɗe ya ce an cire wani ƙaramin ƙarfe na tagulla mai roba a baki. Aka nemi irinsa a Ebute Metta, aka je Ikorodu, babu, sai a ƙasar da aka ƙera famfon. Makanikin ya ce da ya ga tsohon ƙarfen da ya sa maƙeri ya kwaikwaya, amma ba zai ƙera abin da bai gani ba. Aka je wa Munir, ya ce an rufe fayil, ƙungiya ta koma wata ƙasa da yaƙinta ya fi namu sabunta.

Kwamitin da ko kan wanda zai buɗe taro da addu'a sai sun yi gardama, ranar suka zauna cikin natsuwa. Suka kira Badaru.

"Kai ka cire?" in ji Mai Unguwa Audi.

"Makulli a hannuna yake."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Mutum goma sha biyu suka ɗaga hannu, aka karɓe makulli da sifana. Hular ce kawai suka bar masa.

Washegari ya turo kura ƙofar rumfata kamar kullum, ya sauke jarka biyu. Ni kuwa kwanana nawa ban runtsa ba saboda yarinya. Na kama jarkokin na tuntsurar cikin lambatu.

"Tsohon banza mai baƙin ciki! Don kasuwarka ta faɗi sai ka kashe wa talakawa famfo? Kana ganin 'yata kwance? Da furfurarka, ba ka ji kunyar Allah ba?"

Na wanke shi tas, ban rage komai ba. Iya Risi ta ji, ta tako katakon nan ta tsallako, ta taya ni da Yarabanci. Ranar muka shirya da ita, har ta kawo wa Najiba magani. Shi kuwa ya tsince jarkokinsa ya jera a kura, ya ce, "Allah ya ba Najiba lafiya," ya wuce.

Daga ranar babu macen da ta ƙara sayen ruwansa, a layinmu ko a nasu. Muka koma wa wasu masu kura, waɗanda su ma gidan Alhajar nan suke ɗebowa, don shi ya nuna musu tun farko. Yara suka warke, aka ce mangwaro ya wuce. Badaru ya sayar da kura ya koma dako a Mile 12, yana ɗaukar kwandon tumatir a ka, mutumin da ya haura sittin. In famfon wani ya lalace a Agege sai a ce Badaru ya bi ta nan.

Farkon 2002, bayan fashewar bama-bamai a Ikeja da rikicin da ya biyo baya, mutanenmu da yawa suka ɗaure kaya. Wata safiya ina tuƙa tuwo sai ga Badaru tsaye da ƙunshi a hammata. Wuyansa ya karkace, ya ƙara ramewa. Ya ce motar tumatir za ta koma arewa babu kaya, zai bi.

"Maman Najiba, yaya yarinya?"

"Lafiya lau," na ce, ban ɗago ba.

"Wancan ciwon, yaushe ya sake ta?"

Na buɗe baki in ce ina ruwansa, sai na tsaya. Muciya a hannuna na ƙirga. Kwana uku bayan mutuwar famfo. Jikan Iya Risi, kwana huɗu.

Ya kwance bakin zanen ƙunshinsa, ya ajiye mini wani abu a kan benci. Ƙarfen tagulla ne mai roba a baki, bai fi murfin jarka ba.

"Ki jefa shi a teku in kin samu hanya. Ni ƙauyenmu babu ruwan da zai ɓoye shi."

"Haba Baba! Me ya hana ka faɗa wa kwamiti?"

"Na faɗa sau uku kafin a haƙa, kuka yi dariya. Bayan an haƙa kuwa, in na tashi na ce ruwan sulhu yana sa yara ciwo, me kike jin samarin nan za su ce? Namu su ce nasu ne suka zuba wani abu, nasu su ce namu ne. Na taɓa ganin gawa a bakin rijiyar da na haƙa. Gara a ce tsoho ɗaya ne mugu."

Na ce ya tsaya in zuba masa tuwo. Ya ce mota ba ta jira. Na so in ce ya yafe mini, wallahi na so, amma bakin nan nawa da ba ya gajiya ranar ya ƙi buɗuwa. Har ya sha kwana ina riƙe da muciya, tuwon ya kama.

Ban jefa ƙarfen a teku ba. Shi kaɗai ne shaidar mutumin, ga shi kuma ba ni da ikon nuna wa kowa. Bencin rumfata dama ƙafarsa ɗaya gajera ce, sai na tura shi ƙarƙashi, ya zauna daram.

Watan jiya wasu sababbin masu farar mota suka zo, da wani sabon saurayi mai fayil. Sun ce suna son farfaɗo da famfon zaman lafiya, in za a samu tsohon ƙarfen a kai wa maƙeri. Mai Unguwa Audi ya kawo su rumfata cin tuwo, Iya Risi ma ta tsallako. Suka jeru a kan bencin, aka ba baƙi labarin mugun tsohon da ya hana unguwa biyu ruwa saboda kwaɗayi. Saurayin yana rubutawa.

"Ga wadda ta yi maganinsa nan," in ji Mai Unguwa Audi. "Hajo, ba ke kika wanke shi a gaban kowa ba?"

"Ni ce," na ce.

Na ƙara wa baƙin miya.