Tayoyi Huɗu da Sheƙa Goma Sha Ɗaya

Shekara arba'in Baba Mahauci ya yi a mayanka, jini har idon sawu. Wuƙa ta tafi da yatsunsa biyu na hagu, bijimi ya taɓa karya masa haƙarƙari, kuma a zamaninsa duk wanda ya ja da shi sai ya kwana ana gasa masa jiki. Da gwiwa ta gaza, 'yarsa mai ɗinki ta ɗauko shi ta ba shi ɗakin da ke kallon titi. Ya naɗe wuƙarsa a tsumma ya tura ƙarƙashin katifa, ya ce shi da ita sai a lahira.

Akwai darbejiya a gaban tagarsa. Da bazara ta kama, ta yi sabon ganye, ta zubo ƙananan furanni farare masu ƙamshi, sai ga tsuntsayen marai sun zo suna saƙa sheƙa a reshen da ya miƙe kan titi. Tsohon nan ya zama kamar an sake shi. Da sassafe zai zuba musu ruwa a tsohon faranti, ya zauna yana ƙirga sheƙa, goma sha ɗaya, yana gaisawa da mai wanki da ke shanya a tsallake. Ya gaya wa 'yarsa cewa namijin ne ke saƙa, in macen ta duba bai yi mata ba ta warware. Halin uwarki sak, in ji shi.

A ƙarƙashin reshen nan direban tasi da ake kira Ba-Birki yake ajiye motarsa, kullum kuma ya tarar da kashin tsuntsu a gilashi. Da danƙo ya fara. Ya harbo biyu. Baba ya tsinci ɗaya kai a fashe, ya roƙi direban ya yi haƙurin sati biyu, 'ya'yan su yi fiffike.

"Tsoho, kai da ka ƙarar da shanun duniya, yau tsuntsu kake wa kuka?" Ba-Birki ya yi dariya, ya ce gobe mai sara zai zo ya datse reshen.

Mai saran kuwa ya zo da zartonsa, ya hau, ya duba ƙasa, ya ce a janye motar, shi ba ya saran reshe da kaya a ƙarƙashi. Ba-Birki ya shiga gida ɗauko makulli.

Baba ya ɗaga katifa. 'Yarsa ta riƙe masa riga tana Baba don Allah, ya fizge har ta bugu da keken ɗinki. Da aka gan shi da wuƙa tsirara, layin ya watse, mai wanki ya ɓuya bayan zanen gado. Shi ko kallonsu bai yi ba. Ya durƙusa gun tayar gaba, ya shafa gefenta da ragowar yatsunsa kamar mai laluben gaɓa, ya soka daidai inda ba ta facuwa. Duk huɗun ya bi, kowace suka ɗaya. Motar ta gurfana kamar bijimin da aka kayar. Sannan ya wurga wuƙar cikin kwata, domin ya san halin hannunsa.

Ba-Birki ya fito ya gani. Naushin farko ya zubar wa tsohon da haƙora biyu. Ya faɗi, direban ya bi shi da ƙafa, a ciki, a haƙarƙarin nan da bijimi ya fara, yana zagi har muryarsa ta dushe. Jini ya ɓata furannin da suka zuba a ƙasa. Baba bai rama ba, ya dai dunƙule hannuwansa a hammata. Sai da 'yar ta kwaɗa wa direban kujera a ƙeya, mai wanki ya rungume shi ta baya, sannan aka raba.

Mai sara ya sauko, ya ce in an kawar da motar a neme shi. Ba-Birki ya bi layi yana neman masu turi, kowa ya ce bayansa na ciwo. Motar ta yi sati uku a gurfane kafin ya haɗa tayoyi, marai suna yi mata fenti.

Baba kuwa a kwance ya yi sati ukun, ƙirji a ɗaure, an jawo masa gado jikin taga. In ya yi dariya sai ya riƙe gefe. A gabansa 'ya'yan suka riƙa leƙowa, suna faɗowa reshen ƙasa, suna sake gwadawa.

Ranar da aka ɗaura sabbin tayoyi, 'yar ta shigo ta ce mai sara ya dawo, kuma in shi Baba ya kuskura ya motsa, ita za ta ƙarasa haƙoran.

Ya ɗaga kai ya bi sheƙun da ido, ɗaya bayan ɗaya, har goma sha ɗaya. Babu motsi a ko ɗaya.

"Ce masa ya hau," in ji Baba. "Amma ya bar mini reshen da ke ta nan gefen taga. Baɗi za su nema."