Langar da ta maƙale a Fagam

Shekarun baya, a daminar da kuɗin mai ya tashi komai ya bi shi, ina zaune a gidanmu a Birnin Kudu. Na gama hidimar ƙasa, aiki bai samu ba, sai aike da yawan tunani.

Mahaifiyata tana da aminiya a Fagam, can ƙasar Gwaram, muna ce mata Goggo. Akwai wata tsohuwar langa mai jan fure da ke kai da komowa tsakaninsu tun kafin a haife ni, har ba wanda ya san ta wace ce. Goggo ta zubo man shanu ta ba direba, Inna ta mayar da daddawa ko ƙuli-ƙuli. Ƙa'ida ɗaya ce: langa ba ta tafiya babu komai a ciki.

To a wannan shekara sai langa ta je Fagam ta zauna. Wata ya wuce, wani ya bi. Duk motar da ta tsaya a bakin layinmu sai Inna ta ɗaga kai. Ni kuwa na shiga lissafe-lissafe. Wataƙila kuɗin mota ne. Wataƙila zuwana na ƙarshe ban durƙusa sosai ba da na gai da Goggo. Har na fara zargin ko furar da na rage ce ta ɓata mata rai. Daga baya direban ya gaya mana an sayar da shanun gidan Goggo, an sayi hatsi da taki.

Na ce, "Inna, ko in kai mata ɗan garin masara? Ko dai mu kira ta a waya, idan kina ganin ya dace."

Ta ce, "Ka kai mata gari babu langa, ai ka ce mata na san ba ta da shi ke nan. Daga ranar ba za ta sake haɗa ido da ni ba."

Can ta ƙara da cewa, "Ka je ka ce mata ina kwaɗayin tafasar garinsu. Ta zubo mini a langa."

Na leƙa bayan katangarmu, inda tafasa ta yi tsayi har gwiwa, awaki ma ba sa kallonta. Na ce, "Inna, ba musu nake ba, amma kamar akwai ta a nan."

"Da digirinka ka gano haka?" in ji ta. "Tashi ka tafi."

Abokina ya ɗauke ni a babur ɗinsa. Duk hanya ina maimaita saƙon a raina, ina neman yadda zan faɗe shi ba tare da na yi ƙarya ba. Da muka isa na samu Goggo ta rame. Langar tana kife a kan randa, an wanke ta tas. Na ga idonta ya kai gare ta, ta yi sauri ta kawar.

Bayan gaisuwa na fara: "Wai Inna ce ta ce, idan babu takura, idan kuma akwai, wai tana ɗan kwaɗayin tafasa, ta nan ɗin, don ina jin ta fi, ko da yake ban tabbatar ba."

Goggo ta dube ni. "Ɗan boko, tafasa ta ƙare a Birnin Kudu?"

Na ce, "Ba ta ƙare gaba ɗaya ba."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta sa bakin zane ta goge ido, ta daɗe tana gogewa. Ta ce, "Uwarka ba ta canja ba." Ta ɗauki langa ta zaga bayan gida, ta tsinko, ta danna har murfi ya ƙi rufuwa. Da za ta miƙo mini ta ce, "Ka ce mata kar ta cika ta. Na san ku ma ba daɗi kuke ji ba."

Haka ne kuwa. Ranar kwaɗon tafasar nan muka ci da yamma, kuma ba don marmari ba. Kwana biyu Inna ta mayar da langa da gero, rabi. Daga nan ta ci gaba da yawonta, yau zogale, gobe yakuwa, wani zubin kuka kawai.

Ban sani ba ko na fahimci abin duka, har yanzu. Ni dai a lokacin yunwa kaɗai nake gani, su kuma suna tsoron wani abu dabam, kada ɗaya ta koma mai karɓa kawai.

Yanzu ina koyarwa, abubuwa sun ɗan yi sauƙi, Goggo ta sake samun saniya. Man shanu ya dawo cikin langa. Amma duk damina, idan Inna ta buɗe murfin, sai ta tarar da ɗan ƙullin tafasa a sama. Sai ta ɗaga shi ta nuna mini ta ce, "Ka gani? Ta can ta fi."

Ni kuma na daina musu.